Maɓallai bakwai, gida ɗaya: Yadda makaɗin jaz ke zaɓen sautinsa nan take

A ƙarshen daminar bara na sayi wani ƙaramin fiyano na hannu, irin mai maɓallai 61 da ake gani a ɗakunan ɗaukar waƙa da majami'u da wuraren biki. Ban saye shi da niyyar zama makaɗi ba. Aikin tace labarai yakan kai mutum tsakar dare, ni kuma ina neman abin da zan riƙa taɓawa kafin barci ya zo, wanda ba wayar hannu ba. Sai dai da yake na daɗe ina sauraren kiɗan jaz na Amurka, ba a jima ba wata tsohuwar tambaya ta dawo mini: idan makaɗi ya tashi tsaye ya fara busa abin da ba a rubuta masa ba, abin da shi kansa bai taɓa busawa ba sai a wannan lokacin, ta yaya yake sanin sautin da zai dace da wanda zai ɓata?

Amsar da na fara samu a darussan intanet sunaye bakwai ce: Ayoniyan, Doriyan, Firijiyan, Lidiyan, Miksolidiyan, Eyoliyan da Lokiriyan. Turawa suna kiran kowannensu mod, ni kuma a nan zan kira shi zubi. Bayanin da aka yi mini mai sauƙi ne har ya so ya yi yawa. Ka taɓa fararen maɓallai daga C zuwa C na gaba, ka yi Ayoniyan, wato do-re-mi ɗin da kowa ya sani. Ka fara daga D ka ƙare a D, ka yi Doriyan. Daga E, Firijiyan. Haka har zuwa B. Na haddace su a dare ɗaya, na shafe kusan mako uku ina hawa ina sauka, amma kunnena bai ji abu bakwai ba. Abu ɗaya yake ji, do-re-mi da aka fara daga tsakiya, kuma duk inda na tsaya sai in ji yatsana yana neman C kamar ɗan aike da ya ƙosa ya koma gida.

Abin da ya warware mini matsalar ƙaramin abu ne. Wani dare na danna D mai kauri da hannun hagu na riƙe shi, ban sake shi ba, sannan na bar hannun dama ya yi ta yawo a kan fararen nan. Nan take ɗakin ya sauya. C ɗin da nake gudu zuwa wurinsa ya koma baƙo mai wucewa, D ya zama masauki, kuma wani yanayi ya fito mai ɗan duhu amma ba na makoki ba. Na matsar da hannun hagu zuwa E, sai na ji wani abu mai kama da kiɗan Sifen. Na kai shi F, sai sautin ya buɗe kamar sararin hantsi. Maɓallan ba su canza ba. Abin da ke ƙarƙashinsu ne ya canza, kuma shi ne yake faɗa wa kunne inda gida yake.

Inda rabin taki ya faɗa

Wanda bai taɓa zama a gaban fiyano ba zai iya bin wannan bayani idan ya riƙe abu ɗaya. Tsakanin yawancin fararen maɓallai akwai baƙi, don haka tazarar da ke tsakaninsu cikakken taki ce. A wurare biyu kawai babu baƙi: tsakanin E da F, da tsakanin B da C. A nan tazarar rabin taki ce. Jerin sautin da makaɗa ke hawa, wanda zan kira tsani, yana da matakai bakwai, kuma ɗanɗanonsa gaba ɗaya ya dogara ne ga inda waɗannan gajerun matakai biyu suka faɗa idan an ƙirga daga gida. Idan gida E ne, rabin taki yana bakin ƙofa, da ka ɗaga ƙafa ka taka shi, shi ya sa Firijiyan ke da wannan matsatsin. Idan gida F ne, sai ka yi cikakken taki uku a jere kafin ka gamu da gajere, shi ya sa Lidiyan ke da fili.

Sunayen kuwa aro ne a kan aro. Asalinsu sunayen al'ummu da yankuna ne na duniyar tsohuwar Girka, waɗanda masana waƙoƙin coci na Turai a tsakiyar zamani suka ɗauko suka liƙa wa nasu zubi takwas, ba tare da sun dace da abin da Girkawan suke nufi ba. A 1547 wani masani ɗan Suwizalan, Heinrich Glarean, ya wallafa littafi mai suna Dodecachordon inda ya ƙara Ayoniyan da Eyoliyan. Waɗannan biyu na ƙarshen zuwa su ne suka cinye kasuwa, suka zama abin da makaɗa ke kira mejo da maino, kuma kusan duk kiɗan Turai na ƙarnonin da suka biyo baya a kansu aka gina shi. Sauran suka koma gefe, a waƙoƙin ƙauye da na ibada.

Sai kuma kod. Kod shi ne sauti uku ko fiye da aka buga tare a lokaci guda, kuma yadda aka saba gina shi shi ne a ɗauki maɓalli a tsallake na kusa da shi. Daga D, za ka samu D, F, A, C. Wannan shi ne kod ɗin D maino mai na bakwai, wanda ake rubutawa Dm7. To, ga inda zumuncin yake: idan ka ci gaba da tsallakawa bayan C, za ka samu E, G, B, daga nan ka dawo D. Wato ka tara dukkan sauti bakwai na Doriyan, amma a tsaye, ɗaya a kan ɗaya. Zubi kod ne da aka kwantar, kod kuma zubi ne da aka tayar. Huɗu na ƙasa su ne ginshiƙai, inda makaɗi zai iya zama ya huta. Uku na sama su ne kayan yaji.

Makonni biyu a 1959

Kafin ƙarshen shekarun 1950, makaɗan jaz ba ta wannan fuska suke kallon aikinsu ba. A salon bibop da Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka kafa a shekarun 1940, waƙa jerin kod ce da ke sauyawa da sauri, sau da yawa biyu a kowace gaɓa, wato kowane bugu huɗu. Aikin mai busa shi ne ya ratsa ta cikinsu a guje, yana taka ginshiƙan kowane kod daidai lokacin da ya iso. Miles Davis ya koyi wannan a gindin Parker kansa, yana saurayi ɗan shekara 19 zuwa 22. Ya iya, amma halinsa ba na tsere ba ne. Ya fi son sauti kaɗan da shiru mai yawa.

Mutumin da ya ba wannan hali harsashin ilimi shi ne George Russell, makiɗin ganga da tarin fuka ya kwantar a asibiti a tsakiyar shekarun 1940. A kan gadon jinya ya fara tunanin da ya zama littafinsa na 1953, Lydian Chromatic Concept of Tonal Organization. Tambayarsa ita ce: wane tsani ne ya fi kama da kod ɗin kansa? Ka danna C, E, G, B da hagu, ka riƙe F da dama. Za ka ji yana gugar E, domin rabin taki ne kawai a samansa, yana neman a sauke shi. Ka ɗaga shi zuwa baƙin maɓallin da ke tsakanin F da G, sai gugar ta ɓace, sautin ya zauna. Tsanin C mai wannan ɗagaggen mataki na huɗu shi ne Lidiyan. Russell ya ƙara da wata hujja: idan ka fara daga C kana hawa da tazarar biyar-biyar, za ka samu G, D, A, E, B, sannan wancan baƙin maɓalli, ba F ba. A wurinsa, Lidiyan ne uban gidan kod ɗin mejo. Ba kowa ya bi shi har ƙarshen wannan hanya ba, littafin ma ba mai sauƙin karatu ba ne, amma tunanin cewa kowane kod yana da tsanin da yake ɗan gidansu ya shiga jinin jaz daga nan.

Davis ya fara gwadawa a 1958 da waƙar Milestones. Cikakken gwajin ya zo ne a ranakun 2 ga Maris da 22 ga Afrilun 1959, a wani tsohon coci da kamfanin Columbia ya mayar ɗakin ɗaukar sauti a titi na 30 na birnin New York. Tare da shi akwai John Coltrane da Cannonball Adderley a saksofon, Bill Evans a fiyano, Paul Chambers a babban gogen bas, da Jimmy Cobb a ganguna, sai Wynton Kelly da ya karɓi fiyano a waƙa ɗaya. Faifan da suka fitar a watan Agusta, Kind of Blue, ya sayar da sama da miliyan 5 a Amurka kaɗai.

Waƙar farko a cikinsa, So What, gaɓa 32 ce. Gaɓa 16 a Doriyan na D, gaɓa 8 a Doriyan da aka ɗaga da rabin taki, sai gaɓa 8 a koma D. Shi ke nan. Inda bibop zai ba mai busa kod 40 ko fiye ya ratsa, a nan an ba shi ɗaki biyu aka ce ya zauna. A waƙar ƙarshe, Flamenco Sketches, an ba kowa tsani biyar a jere, kuma bayanin da Evans ya rubuta a bayan faifan ya nuna cewa mai busa ne zai yanke tsawon zamansa a kowanne.

Kwana 13 bayan zama na biyu, ranar 5 ga Mayu, Coltrane ya shiga wani ɗakin ɗaukar sauti da nasa mutanen ya ɗauki Giant Steps: kod 26 a gaɓa 16, suna tsalle tsakanin gidaje uku masu nisa da juna, a gudun da ya sa ƙwararren mai fiyano irin Tommy Flanagan ya riƙa tsinkewa a tsakiyar nasa kason, kuma ana jin hakan a faifan har yau. Mutum ɗaya, cikin makonni biyu, ya tsaya a ƙarshen hanyoyi biyu. Abin lura shi ne wadda ya bi daga baya. Waƙarsa Impressions a kan tsarin So What ya gina ta, haka kuma a My Favorite Things da ya ɗauka a 1960 yakan yi mintuna yana shawagi a kan kod biyu kacal.

Akwai ɗan zaren da ya haɗa wannan labari da yankinmu. A tarihin rayuwarsa da aka wallafa a 1989, Davis ya ambaci ƙungiyar raye-raye ta ƙasar Gini, Les Ballets Africains, da ya kalla a New York, da wani ɗan ƙaramin kayan kiɗa na ƙarafa da ake taɓawa da yatsu, a cikin abubuwan da ke kansa lokacin da yake shirya faifan. Ya kuma ce bai cim ma sautin da yake nema ba. Wanda ya yi faifan jaz mafi kasuwa a tarihi ke nan yake cewa ya yi kuskuren saiti.

Sautin da ke faɗin sunan gida

Zaman ɗaki ɗaya yana da nasa wahala, kuma a nan ne haddar sunaye take ƙarewa. Idan kod suna sauyawa, su da kansu suna ba kiɗa motsi, ko makaɗin bai da abin faɗa. Idan an tsayar da su, babu inda zai ɓuya. Dole ya san wane sauti ne a cikin bakwai ɗin yake ɗauke da kamannin gidan.

Hanyar da ta fi taimaka mini ita ce in daina sauya gida. Na tsaya a kan C, na fara da Lidiyan, sannan na riƙa sauke mataki ɗaya da rabin taki a kowane karo. Sauke na huɗu, ka sami Ayoniyan. Sauke na bakwai, Miksolidiyan. Sauke na uku, Doriyan, kuma a nan ne aka tsallaka daga mejo zuwa maino. Sauke na shida, Eyoliyan. Sauke na biyu, Firijiyan. Sauke na biyar, Lokiriyan, wanda ƙasansa ke rawa har da wuya a zauna a cikinsa. Kamar mutum ne yana rage fitila kaɗan-kaɗan. A wannan jeri kunne yakan ji ainihin abin da ya raba kowane zubi da maƙwabcinsa, domin sauti ɗaya tak ne ya motsa.

Ɗauki Doriyan da Eyoliyan. Dukansu maino ne, sauti shida cikin bakwai iri ɗaya ne. Bambancin mataki na shida ne. A gidan D, Doriyan yana da farin B, Eyoliyan yana da baƙin da ke ƙasa da shi. Wannan B ɗin shi ne ɗan hasken da ke hana Doriyan zama kuka. Wanda ya san Oye Como Va yadda Santana ya buga ta a 1970 ya san ɗanɗanon, domin kod biyu ne ke kai-komo a cikinta daga farko har ƙarshe, kuma na biyun yana ɗauke da wannan ɗagaggen mataki na shida.

Amma B ɗin nan wuƙa ce mai kaifi biyu. Idan mai fiyano ya haɗa shi da F a cikin kod ɗin G, B, D, F ya daɗe a kai, kunnen duk wanda ya tashi da do-re-mi zai ji ana kiran C, gidan D kuma ya rushe. Abin da ya same ni ke nan a makonnina uku na farko. Maganin da Bill Evans ya kawo a So What shi ne ya gina kod ɗinsa da tazarar huɗu-huɗu maimakon tsallake ɗaya: E, A, D, G, sai B a sama, sannan ya sauke duka da taki ɗaya. Kod irin wannan ba ya nuna wata hanya da yatsa, yana tsaye ne kawai yana shawagi. Har yau makaɗa suna kiransa da sunan waƙar.

A nan ne nake ganin kunnen Bahaushe yana da wata riba da darussan intanet ba su san da ita ba. Kiɗanmu na gargajiya ba a kan sauyin kod aka gina shi ba. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ko mai kukuma, ko mai garaya, suna kafa gida ne su yi ta zagaya shi, waƙa tana tafiya a kai tana bin hawa da saukar muryar kalmomi. Mamman Shata yakan ƙaga baiti nan take a kan kalangu da amshi, babu wani kod a ƙarƙashinsa. Yawancin wannan kiɗa a kan tsani mai matakai biyar yake, kamar yadda ake ji a waƙoƙin Sudan da muka saba da su, da jitar Ali Farka Touré na Mali ko ta Bombino na Agadez. Ba daidai yake da saitin fiyano ba, amma mafi kusa da shi a gidan D shi ne D, F, G, A, C. Duba abin da babu a ciki: mataki na biyu da na shida, wato ainihin wuraren da Doriyan da Eyoliyan da Firijiyan suka saɓa wa juna. Waɗannan biyar ɗin suna cikin dukkan ukun. Wanda ya tashi da su yana riƙe da ƙashin bayan zubi uku tun kafin ya ji sunansu, abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi sauti biyu da zai ƙara, da sanin abin da kowanne zai jawo.

Fela Kuti ya gane wannan. Ya tafi Landan a 1958 ya karanci kiɗa a Trinity College of Music, ya dawo yana haɗa jaz da hailaif, sannan bayan zamansa a Los Angeles a 1969 ya rage yawan kod ɗin ƙwarai. Manyan waƙoƙinsa na shekarun 1970 sukan wuce minti goma a kan kod ɗaya ko biyu na maino, jita da bas suna maimaita ɗan gajeren zagaye, gangunan Tony Allen suna saƙa a ƙasa, masu busa kuma suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Tsarin So What ne da aka mayar da shi filin rawa.

Inda taswirar ke ɓatar da matafiyi

Bayan Russell, makarantu suka ɗauki tunanin suka mayar da shi jadawali. Kwalejin Berklee da ke Boston ta yi suna wajen koyar da shi, kuma daga 1967 Jamey Aebersold ya fara fitar da faifan rakiya da littattafai waɗanda ɗalibi zai buga tare da su a ɗakinsa. Ƙa'idar ita ce: ga kod, ga tsaninsa. Idan ka ga maino mai na bakwai, Doriyan. Idan ka ga G7 da ire-irensa, Miksolidiyan. Idan ka ga mejo, Ayoniyan ko Lidiyan. Wannan jadawali ne ya gangaro har zuwa bidiyoyin YouTube da matasan makaɗanmu ke koyo da su a yau.

Yana da amfani, ba na musu. Amma a ɗauki jerin kod da ya fi kowanne yawa a jaz, wanda ake kira biyu-biyar-ɗaya: Dm7, G7, sai C mejo. Jadawali zai ce ka yi Doriyan na D, sannan Miksolidiyan na G, sannan Ayoniyan na C. Sunaye uku masu nauyi, a cikin daƙiƙa uku ko huɗu. Amma dukansu fararen maɓallan nan ne guda bakwai. Ɗalibin da ke fama da sauya suna a kansa bai sauya ko sauti ɗaya ba, kuma ya rasa abin da ke faruwa da gaske. Abin da ke faruwa shi ne: C ɗin da ke cikin kod na farko yana zamewa da rabin taki ya zama B a na biyu, F ɗin da ke cikin na biyu kuma yana zamewa ya zama E a na uku. Waɗannan ƙananan zamiya biyu su ne labarin. Wanda ya sauka a kansu a kan lokaci, ko da sauti huɗu kawai ya busa, mai sauraro zai ji kod suna tafiya ko babu fiyano a wurin. Barry Harris, mai fiyano ɗan Detroit da ya shafe shekaru masu yawa yana koyarwa a New York har zuwa rasuwarsa a 2021, yakan sa ɗalibansa su ɗauki kod biyu na farkon a matsayin abu ɗaya su yi tsanin G7 a kansu, maimakon raba su da sunayen Girka.

Ra'ayina, a matsayin ɗan koyo da ya ɓata lokaci a wannan rami, shi ne cewa an cakuɗa abubuwa biyu da suna ɗaya. Akwai kiɗan da zubi ne gidansa, inda aka tsayar da kod domin launin tsanin ya fito. Akwai kuma kiɗan da kod ke tafiya zuwa wani wuri, inda sunan zubi lakabi ne kawai da aka manna domin saukin tunawa. A na farko, tambayar ita ce wane sauti ne ke faɗin sunan gidan. A na biyu, tambayar ita ce wane sauti ne ke shirin motsawa, kuma ina za shi. Jadawalin yana fara biyan kuɗinsa ne idan kod ya fito daga wajen gida, misali aka jefo kod ɗin D mai ɗauke da baƙin maɓallin da ke sama da F a cikin waƙar da ke gidan C. A nan dole wani sauti ya sauya, kuma sanin tsanin da ya dace yana hana mutum taka ƙaya.

Waɗanda suka fi kowa daɗewa a wannan fage sun san cewa jerin sauti bai isa ya zama kiɗa ba. A arewacin Indiya, masani Vishnu Narayan Bhatkhande ya kasa ragogi, wato zubin kiɗansu, gida goma, kuma shida daga ciki sun yi daidai da zubin da muke magana: Kalyan shi ne Lidiyan, Kafi Doriyan, Bhairavi Firijiyan, da sauransu. Duk wanda ya tashi da finafinan Indiya ya sha jin su. Amma a wurinsu raga ya ƙunshi yadda ake hawa, da yadda ake sauka, da sautin da ake daɗewa a kai, da wanda ake shafa a wuce, har da lokacin yini da ya dace da shi, kuma duk ana yi ne a kan amon tanpura da ba ya sauyawa, irin D ɗin da na riƙe da hannun hagu. Haka maƙamat na Larabawa da ake ji a waƙoƙin Ummu Kulsum, waɗanda wasunsu, kamar Rast da Bayati, suna da sautukan da suka faɗa tsakanin fari da baƙi, fiyano na yau da kullum ba shi da su sam. Coltrane ya saurari Indiyawa sosai, har ya raɗa wa ɗansa da aka haifa a 1965 suna Ravi, saboda Ravi Shankar.

Abin da ke damuna game da namu fiyano shi ne rakiyar da ke zuwa a cikinsa. Na'urar an ƙera ta ne da tunanin mejo da maino, kuma yatsa ɗaya ya isa ya kunna cikakken kod da ganguna. Idan aka ɗora waƙar Hausa mai matakai biyar a kan jerin kod uku da aka saba, sau da yawa rakiyar takan cusa mata sautukan da ba ta nema ba, ta ja ta zuwa wani gida da ba nata ba, sai ka ji waƙoƙi daban-daban sun koma 'yan uwa ɗaya. Mai fiyanon da ya san cewa yana da damar tsayawa a kod ɗaya, ko ya yi kai-komo tsakanin biyu irin na Doriyan, ko ya gina kod da tazarar huɗu-huɗu wanda ba ya tilasta wa waƙa hanya, yana da zaɓin da maɓallin rakiya ba zai ba shi ba.

Ni dai har yanzu ina kan So What. Kason Davis yana farawa ne wajen minti ɗaya da rabi, daidai inda Jimmy Cobb ya doki faifan ƙarfensa, kuma abin da ya fi ba ni mamaki da na zauna na bi shi sauti bayan sauti shi ne yadda yake yawan komawa D da F da A, ginshiƙan kod ɗin, da yadda yake barin gaɓa kusan guda ba tare da ya busa komai ba. Babu inda ya hau tsanin daga ƙasa har sama don a san ya sani. Matsalata a yanzu ta ƙirga ce. Gaɓa 8 na ƙarshen zagaye da 16 na farkon wanda ke biye duk a gidan D suke, wato gaɓa 24 a jere babu wata alama a hanya. Sau da yawa nakan shagala, in ɗaga kai in ji faifan ya riga ya haura rabin taki, ni kuwa ina ƙasa a kan farare, kowane maɓalli da na taɓa yana gugar na Bill Evans.